Ara Mini Gyaɗa

Na manta sunayen rabin 'yan ajinmu na firamare a Kafanchan, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi shari'ar jar roba ba.

Farkon shekarun casa'in ne, muna aji shida, ana yayin wasan roba. Kowa ta jefa tata a ƙasa, wadda robarta ta hau kan ta wata sai ta kwashe. Robar nan ita ce dukiyarmu, a hannu muke jera ta kamar awarwaro. Wadda aka cinye sai ta roƙi wata ta ba ta, wajen biya kuma sai faɗa. Da rigima ta yi yawa aka naɗa ni alƙaliya. Ba don wayo ba. Ba na magana ne, sai kallo, har na san robar da aka ƙulle da wadda rana ta koɗar.

Na rubuta doka a bayan littafin lissafi (har da jan layi da rula, ku ji fa). In kin ce "ranta mini", ki biya da kowace roba. In kin ce "ara mini", sai ki dawo da ita ɗin dai. Wadda ta kasa, ba ta ƙara wasa sai bayan hutu. Kakata ce ta koya mini bambancin aro da rance, ni kuwa ina ji da shi.

Ƙawata ɗaya ce tak, Rifkatu, 'yar Kagoro da ke zaune wurin gwaggonta. A Hausarta komai aro ne: gishiri, alli, har ruwan sha. A shekarar aikin Baba ya tsaya, aka daina ba ni kuɗin tara, kuma ita kaɗai ta lura. Kullum sai ta ja ni bayan aji ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa. Don kada in ji kunya takan ce, "Ba kyauta ba ne, na ara maka ne." Har na saba, da an kaɗa ƙararrawa sai in raɗa mata, "Ara mini gyaɗa."

Ran nan ta karɓi wata jar roba mai kauri wurin Hajara, 'yar mai shagon atamfa, robar ta tsinke a hannunta. Ta miƙa biyar a madadinta, Hajara ta ƙi.

"Aro ta ce! Alƙaliya, ba a gabanki aka yi ba?"

Rifkatu ta dube ni tana dariya. "Ƙawata, roba ya tsinke. Ai ka san abin da nake nufi."

Na sani sarai. Amma rabin aji ya kewaye ni, kuma tunda nake ba a taɓa yin shiru don a ji ta bakina ba. Daɗin ya hau mini ka. Na buɗe littafi, na gyara murya.

"Aro daban, rance daban. Wadda ba ta iya Hausa ba, ta koya kafin ta shigo wasa."

Dariyarta ta ɗauke. Ta zare robobin hannunta ta zubar a ƙasa. Har yau ina ganin shatin da suka bari a fatarta.

"To, Malama mai Hausa," ta ce. "Gyaɗa na da kake ara tun farkon shekara, dawo mini da shi. Shi ɗin dai."

"Au!" in ji Hajara. "Dama gyaɗar Rifkatu kike ci? Ba kwa ɗora tukunya a gidanku?"

"Amayo ta, alƙaliya!" wata ta ce daga baya.

Aka fashe da dariya. Na tsaya riƙe da littafin dokata, ina kallon wata tururuwa a kan takalmina (ban ma iya gudu ba). Daga ranar sunana ya koma Ara-mini-gyaɗa.

Ba sunan ne ya fi yi mini ciwo ba. Washegari na tarar da ƙullin gyaɗa a cikin teburina. Haka jibi, haka gata. Ba ta ƙara yi mini magana ba, ba ta kuma bar ni da yunwa ba. Kullum ina shirya ban haƙuri a hanya, in na hango ta sai ya maƙale. Muka gama jarrabawa, ta koma Kagoro, ban sake ganinta ba.

Yanzu in maƙwabciya ta leƙo ta ce in ara mata gishiri, cika mata kofi nake yi, in kama bakina.