Ranar da Bututuna Ya Yi Jiniya a Agege

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tara dattawan Agege su ga yadda ake wanka da ruwan zafi ba tare da duro ba. Har yau in an tayar da zancen ina nan kan bakana: lissafina daidai ne, kuma ba wanda ya taɓa karya shi. Abin da ya biyo bayan lissafin ne dai ba na so a cika tambayata.

Babana mai masaukin fataken goro ne. Baƙi daga Kano da Sakkwato suke zuwa a jirgin ƙasa su yi makonni a gidanmu, kuma da damina, in sanyin Ikko ya shiga ƙashin dattijo, ba ya taɓa ruwa sai an ɗumama. Wannan aikin Goggo Dije ne, ƙanwar babana. Tana da wani duro baƙi ƙirin a kan murhu, wuta na ci a ƙarƙashinsa tun asuba har isha'i, da mai wanka da babu. Matar da ke kawo mana itace ta yi ƙiba a kanmu (in ta hango Goggo har rawa take takawa).

Ni kuwa lokacin ina koyon gyaran kan jirgi a Ebute Meta, kaina ya cika da tururi da bututu. Na zaunar da Baba na ce duron nan ɓarna ce zalla, ana ƙona itace don ruwan da ba wanda ya nema. A ba ni bututun tagulla in naɗe shi cikin murhu, ruwan sanyi ya shiga ta nan ya fita ta can da zafinsa. Mai wanka ya zo, a hura 'yar wuta, ya gama a kashe. Sayensa da tsada, na yarda, amma kafin damina biyu kuɗin itace ya fanshe shi.

Goggo tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ko kallona ba ta yi ba.

"Durona sule nawa aka saye shi? Naka fam nawa? Kuma in mutum goma suka fito alwala lokaci guda, layi za su ja wa bututun naka kamar masu yankar tikiti?"

"Goggo, wannan ilimi ne."

"To, oga. Allah ya ba da sa'a."

Da maganar ta mutu a nan, amma sai ta shiga kunnen Alhaji Sambo, babban baƙon Baba, wanda goronsa kaɗai kan cika tarago. Ya kira ni ya ce, "Yaro, in na ga wannan da idona, ni zan ba ka jari ka yi wa duk masu masauki daga nan har Shagamu." A ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Washegari na sanar da abokan aikina cewa kwanakina a reluwe sun zo ƙarshe, su fara neman wanda za su aika sayen ƙosai.

Na zuba albashina a tagulla. Na ɗora tulun ruwan sanyi a kan dandamali, na bi da bututu ta murhu, na kai bakinsa makewayinmu na zana, na sa famfo. Har usur ɗin wani mataccen kan jirgi na ɗaura a sama don tururi ya sami hanyar fita (ku lura, na yi tunanin komai). Sharaɗi ɗaya ne kawai: in an hura wuta, ruwa ya riƙa gudu, kada ya tsaya.

Ranar Asabar da hantsi tsakar gida ya cika. Don kada in ɓata wa manya lokaci, ina ganin Alhaji ya shigo na hura wutar, da busasshen itace mai kyau. Na miƙe zan shiga makewayi, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Kai, ina za ka? Ana fara sabon abu ba addu'a?"

Aka aika kiran Liman. Ya zo, aka gaisa, ya tambayi kowane baƙo mutanen gida da hanya da kasuwa. Aka fasa goro aka raba. Sannan ya ɗaga hannu. Ya yi wa Baba, ya yi wa iyayen Baba, ya yi wa fatake na tafe da na zaune, ya gangaro kan damina. Ni kuwa hannuna a sama, bakina na amin, kunnena na can wajen murhu inda bututu ya fara gurnani. Ku faɗa mini, wane ɗan halak ne zai tashi daga tsakiyar addu'a ya ce bari ya buɗe famfo?

Ana shafawa na ruga ciki. Na tuɓe na bar ɗan gajeren wando, na jiƙa jiki da ruwan buta, na goga sabulun salo tun daga kai har ƙafa, don in fito tas kowa ya shaida. Na ɗaga murya na ce, "Alhaji, ga shi nan!" Na murɗa famfo.

Ruwa bai zo ba. Tururi ne ya yo tsalle ya mari kafaɗata, usur ya kwarara jiniya irin ta jirgin Kano. Na yi baya na faɗa kan zana, zana ta faɗa kan jama'a. 'Yan dakon da ke ƙofar gida, waɗanda jiniya kaɗai ke tashinsu, suka ruga ciki da gudu su ɗauki huhunan goro zuwa tasha, suka yi karo da ni, fari fat da kumfa, ido a rufe, ina laluben hanya ina ihun a ba ni ruwa. Wani ya taka ni. Na ji muryar Liman yana salati daga bayan turmi.

Hannun da ya riƙe ni na Goggo ne. Ta ɗebo daga duronta, ta sirka, ta kwarara mini a ka a gaban kowa kamar ɗan yaye. Ruwan ya yi daɗi, wannan shi ya fi ƙona mini rai.

"Pele, oga," in ji ta, wato sannu da Yarbanci. "A ƙaro?"

Alhaji Sambo ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Lallai na gani da idona." Jarin ke nan har yau. Ranar Litinin na koma Ebute Meta da kafaɗa a ɗaure, abokan aiki suka miƙo mini kwanon sayen ƙosai.

Amma ko gobe a kawo mini duro da bututu, zan sake cewa bututu ya fi arha, kuma ba zan janye ba. Abin da kawai na koya shi ne, in dai da dattawanmu a wurin, kada ka hura wuta sai an shafa.