Ranar da Baffa Ya Ɗanɗana Sana'ata

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na je gaida waliyyin matata a wani ƙauye kusa da Sandamu. A lokacin ba ta zama matata ba, kuma saura ƙiris al'amarin ya tsaya a haka.

Ni sabulun wanka nake yi. Na gama karatu na yi ta yawo da takardu har takalmina ya cinye, sai na haƙura na koyi sana'ar a wajen wata goggona. Ranar kasuwar Mai'adua nakan je wajen mahauta in sayo kitsen tozon raƙumi, in haɗa da na shanu da ɗan na tumaki. Washegari in narka shi a gida Daura, in tace, in bar shi ya kwana ya daskare fari tas. Sannan a jiƙa soda, a zuba a hankali ana juyawa har ya yi kauri kamar kunu, a juye a tire. In ya kama jikinsa a yanka, a jera a inuwa ya yi makonni yana shan iska, don wanda aka yi wa gaggawa fatar mutum yake ci. (Maƙwabtana sun san ranar narka kitse ba sai an faɗa musu ba. Akwai wanda har yau da hanci a toshe yake amsa sallamata.)

Tozo shi ne sirrin abin. Sabulunsa yakan fito fari sol, da tauri da santsi. Ni kuma don in nuna na yi boko, nakan ƙara masa madara da ɗan turaren kwakwa. Tiren da nake juyewa a ciki na mahaifiyata ne, wanda ta yi shekaru tana alawar madara da shi, kuma yadda na taso na ga tana yankawa ƙanana-ƙanana, haka nake yanka na gwaji da nake raba wa mutane. Na san kun riga kun hango inda muka nufa. Ni ne kaɗai ban hango ba.

Matar tawa, Asma'u, marainiya ce, Baffanta Alhaji Ilu, dillalin shanu, shi ke riƙe da ita, kuma ya rantse ba zai ba da 'yar ɗan'uwansa ga wanda ba shi da abin yi ba. Da ya tambaye ta sana'ata sai ta ji nauyi, domin a garinsu dama sabulu aikin mata ne. Ta ce masa, "Yana da ɗan kamfani." Baffa ya ce to, mai kamfani ya zo, ya taho da abin da kamfanin ke yi.

Na zaɓi waɗanda suka fi kyau cikin ƙananan nan na gwaji na ɗaure a farar leda. Na sa su cikin jaka tare da goro da dabino, don ba a zuwa wajen manya hannu rabbana. Abokina Nafi'u ya ɗauke ni a babur.

Mun tarar da Baffa a ƙofar gida kan tabarma, tare da limamin garin. Muka cire takalma tun daga nesa, muka durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake sabuwa. Na tura jakar gabansa na ce, "Baffa, ga ɗan wannan, ba yawa." Daga nan na sunkuyar da kai na kafa wa tabarma ido, yadda goggona ta yi ta jaddada mini. Ta ce ko gobara ta tashi kada in ɗaga kai in kalli suruki, kada kuma in yi magana sai an tambaye ni.

Na ji ƙarar leda. Na ce a raina, dabino ne.

Na ji Baffa ya ce, "Bismillahi." Na ce a raina, lallai dabino ne.

Sai na ji wani ɗan sauti, ƙyas, irin na haƙori a jikin abu mai tauri. Dabino ba ya wannan ƙarar. Na san ƙarar, don ita wuƙata ke yi kullum in ina yanka.

A nan ne ya kamata in yi magana. Amma ku tsaya ku duba matsayina. In buɗe baki in ce wa mutumin da na zo neman aure wajensa, a gaban limamin garinsu, "Baffa, sabulu kuke ci"? Na ce bari in ɗan jira, ai da ɗacin ya kai masa zai tofar, mu yi kamar ba a yi ba. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, shi ma Baffa mai kara ne. Ba zai tofar da kyautar baƙo a gaban baƙo ba. Ya ci gaba da tauna, a hankali, ina jin kowane motsin muƙamuƙinsa. Kafaɗar Nafi'u kuwa ta fara rawa a gefena, yana danne dariya.

"Malam, bismilla," in ji Baffa. "Kayan kamfanin yaron ne."

Ina ganin Baffa so yake a raba masa wahalar, ko kuma a tabbatar masa ba bakinsa ne ya lalace ba. Liman ya ɗauka. Na sake jin ƙyas. Na shiga karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Can Baffa ya yi gyaran murya.

"Yaro, wannan ita ce sana'ar taka?"

"Ita ce, Baffa."

"Ana saye?"

"Ana saye sosai, Baffa. Har daga Baure ana aikowa."

"Ikon Allah," in ji shi. Ya ɗan nisa. "To, ba laifi. Amma a riƙa ƙara sukari."

Liman kuwa buta ya jawo. Ya kurɓi ruwa ya kuskure baki, ya juya gefe ya zubar. A nan ne na saci kallo, karo na farko tun zuwanmu. Kumfa ce fara tas kwance a ƙasa, wata kuma ta maƙale a gemunsa. (Ba don yabon kai ba, sabuluna akwai kumfa.) Liman ya dubi kumfar, ya dubi Baffa, ya ce, "Alhaji, ko dai mun gamu da wani abu ne?"

Nafi'u ya tashi da gudu ya yi bayan gida, wai fitsari. Ya bar ni ni kaɗai.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba komai ba ne. Sabulu ne." Muryata ko ni da kyar na ji ta. Sai na ƙara da abin da har gobe nake jin kunyarsa: "Amma na tozon raƙumi ne, halal ne."

Baffa ya karɓi butar ya daɗe yana kuskure baki. Ni kuwa a raina na riga na yi sallama da Asma'u, ga shi ina son yarinyar nan ba da wasa ba. Da ya gama ya goge gemu da hannun riga.

"Kana kallo na ci?"

"Ban kalla ba, Baffa. Ji na yi."

"Ka ji. Ka kuma ji na miƙa wa Malam?"

"Na ji, Baffa."

"Me ya hana ka magana?"

"Kunya, Baffa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce da ya bincika a Daura, kowa ya ce masa yaron akwai kunya, yau kuwa ya ɗanɗana da bakinsa. Sana'a dai ya ga ina da ita, tunda ga ta nan har yanzu a maƙogwaronsa. Sannan ya ce in ɗaga kai in dube shi. Na ɗaga da kyar.

"Zan ba ka ita. Amma Asma'u ba ta da uba sai ni, kuma ni ba zan dawwama ba. Ran da ka ga za ta kai abin cutarwa baki, ko ita ko wani nata, ka ajiye kunyar nan ka yi magana. In ba za ka iya ba, faɗa mini yanzu."

Na ce zan iya. Liman ya yi addu'a, yana yi yana ɗan tofarwa gefe.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, amma kamar soda take, da awo ake zuba ta. Kuma in za ka faɗa wa babba gaskiya, faɗa masa kafin ya ce bismillahi.