Ku Dubi Hagu

Mai karatu, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin a watannin baya na tona asirin ƙasa a gaban baƙi, kuma da lasifikar hukuma na yi. Ba da gangan ba ne. Ni mutum ne da kan koma ya taɓa kwaɗon ƙofa bayan ya kulle, ya sake komawa ya tabbatar taɓawar ba ta buɗe shi ba.

Tun da na karɓi difloma a fannin yawon buɗe ido, babban yawon da na yi shi ne daga ofis zuwa ofis, har masu gadi suka saba da ni, suna tambayar lafiyar Inna. Ana nan sai aka kira ni gwaji a ofishin da ke zagayawa da baƙi 'yan ƙasashen sanyi. Sharaɗin shi ne in yi rakiya sau ɗaya. Idan Mai Girma Babban Mai Kula da Idanun Baƙi ya gamsu, aiki ya samu. Kafin in cire takalmi a gida, Inna ta riga ta sanar da unguwa cewa ɗanta ya zama ma'aikaci. Telan da ke jikin gidanmu kuwa ya fara kirana "Ranka ya daɗe" yana ƙunshe dariya.

Wanda aka sa ya horar da ni wani tsohon ɗan rakiya ne da ake kira Baba Lasifika.

"Ɗana, me aka koya muku a makaranta?"

Na ce, "Tarihin wurare, da yanayin ƙasa, da ladubban tarbar baƙo."

Ya ce, "To, ajiye su a gida. Nuna wa baƙo ƙasa ba aiki ba ne, tagar mota ma tana yi. Aikinmu shi ne juya masa wuya."

Ya bayyana mini cewa hanyar da muke bi zobe ce: a tashi daga otal, a bi ta wurin ruwan da ke gangarowa daga dutse, a dawo otal. Wani kwamiti ne ya zaɓe ta bayan dogon nazari a ƙasar waje. Duk abin alfahari yana hagu: bishiyoyin kwakwa, gonakin ayaba, kurmi, tafki mai furanni. Sauran ƙasar tana dama.

"Ka tsaya ka ba titi baya, ka zuba wa baƙi ido, kada ka leƙa waje. Da ka ji mota ta rage gudu, to akwai abin kunya a dama. Sai ka ce ku dubi hagu. Ko babu komai a hagun, ka ce akwai birai. Kafin su gama neman biri mun wuce."

A nan dole a yaba wa manyanmu. Wata ƙasar da ba ta da hangen nesa sai ta ɓarnatar da dukiya wajen gyara gefen titi biyu. Namu sun gano cewa wuya ɗaya Allah ya ba baƙo.

Na haddace jawaban daram. Na riƙa tsayawa a ɗaki, ludayin Inna a bakina a matsayin lasifika, ina maimaitawa har kajin gidan suka daina razana.

Ranar gwajin aka tashi da zafi mai ɗanko, irin wanda ke biyo bayan ruwan sama, riga na manne wa baya. Baba Lasifika bai zo ba, an ɗebe shi cikin masu tafi a wajen wani taro da Mai Girma zai buɗe kan sauƙaƙa wa baƙi zirga-zirga. Saboda wannan taron aka rufe farkon hanyarmu. Direba ya faɗa mini wata magana yana tayar da mota. Ni kuwa ina bitar jawabi a zuci, sai na ce masa, "To." Ashe cewa ya yi zai ɗauko zoben ta ƙarshensa. Wanda ya yi difloma ya san abin da ke faruwa da hagu da dama idan aka juya hanya. Ni ma na sani, amma na ba titi baya kamar yadda aka umarce ni.

Mota ta rage gudu. Na gyara murya na ce, "Manyan baƙinmu, ku dubi hagu. Wannan kurmi haka Allah ya halicce shi, hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba tun zamanin kakanni."

Suka duba. Na'urorin hoto suka hau ƙara. Daga baya na ji cewa asibitin nan ne da aka aza harsashinsa ina firamare, wanda bishiyar mangwaro ta tsiro a ɗakin tiyatarsa har tana ba da 'ya'ya.

Ta sake rage gudu. Na ce, "Ku dubi hagu, ku ga ruwan da ba ya yankewa rani da damina." Fasasshen bututu ne, yana feshi sama, unguwar da ke bayansa kuwa tana sayen ruwa a kura. Baƙi suka yi tafi. Zuciyata ta fara kwanciya, har na ƙara wa muryata kauri.

Sai motar ta tsaya cak. Na fahimci abin kunyar babba ne, don haka na ɗauko babban makami.

"Ku dubi hagu a hankali, kada ku yi surutu. Waɗannan halittu sukan taru a nan tun asuba. Suna da haƙuri, ba sa cutar da kowa muddin ba a tsokane su ba. Ana roƙon kada a jefa musu abinci."

Na manta lasifikar tana da baki a waje. Daga can na ji wata murya da na sani tun ina goye:

"Kai, ɗan ƙanwata! Ni ne halittar?"

Na juya. Layin gidan mai ne, ya miƙe har inda ido ya gaza: motoci, babura, jarkoki, mutane kwance a ƙarƙashin manyan motoci suna shan inuwa. A tsakiya ga Kawu, yayan Inna, zaune a kan jarka, ya ɗora tawul a ka.

Kafin in tuna addu'ar da ta dace, baƙin sun sauka. Wata tsohuwa mai faffaɗar hula ta nufi Kawu, ta ce in fassara. Tana son sanin me ya sa akwai duwatsu da tsofaffin takalma jere a layin.

Kawu ya ce, "Gaya mata wannan dutsen makanike ne, ya je sallah. Wancan takalmin malamin makaranta ne, ya je ya ba yara darasi ya dawo. Duk wanda ya tsallake su, zai ga ko muna cutarwa ko ba ma cutarwa."

Ta tambaya ko akwai mai a gidan man. Kawu ya ce babu. Ta ce to me ake jira? Ya ce labari aka ji. Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta ce ta zaga ƙasashe da dama, ba ta taɓa ganin imani irin wannan ba. Da na roƙe su mu ƙarasa wurin ruwan dutse, sai suka ce ruwa suna da shi a gida.

Washegari na gurfana a ofishin Mai Girma, inda sanyin na'ura ya sa haƙorana haɗuwa, janareta na ruri a baya da man da ban ga ya bi layi ba.

"Wa ya ba ka izinin nuna wa baƙi dama?"

"Ranka ya daɗe, hagu na ce."

"Wato gardama ma za ka yi. Fita."

Na fita. Inna ta daina leƙa ƙofar gida. Kawu ya aiko cewa kada in sake gaishe shi sai na zo da ayaba. Tela ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Ranka ya daɗe, har an ba da hutun ƙarshen shekara?"

To, amma hotunan tsohuwar sun bazu a ƙasarsu. Sabbin baƙi suka riƙa sauka suna cewa ba kwakwa suka zo gani ba, a kai su layi. Nan take Mai Girma ya kira 'yan jarida, ya bayyana cewa ya daɗe yana mafarkin wannan sabon salo na yawon buɗe ido. Aka kafa kwamiti, aka saya wa kwamitin motoci, aka kafa allo a bakin gidan man, aka yanke ƙyalle. Mai dai ba a kawo ba, don kada a ɓata wurin tarihi.

Sai aka ga baƙo ba zai iya sammako ya kama wuri ba, kuma dutse ba ya jin yaren baƙi. Aka nemi mai difloma. Haka aka kira ni aka naɗa ni Jami'in Riƙe wa Baƙi Wuri. Kullum da safe nakan ɗauki jarkokin hukuma, sababbi fil, waɗanda mai bai taɓa shiga ba, in tsaya bayan Kawu. Baƙi su iso, kowa ya riƙe jarka, ya yi ɗan gumi, ya ɓata fuska a ɗauke shi hoto, su koma otal. Kawu yakan harare ni ya ce, "Kai da albashi, mu da muka ƙirƙiro sana'ar kyauta muke yi."

Jiya kuwa na ji a rediyo an yi rantsuwa cewa kafin ƙarshen wata ƙarancin mai zai zama tarihi. Idan layi ya watse, ai aikina ya bi shi. Na kasa cin abinci, na je na sami Inna tana wanke-wanke na faɗa mata.

Ba ta ko ɗago ba. "Wa ya yi alkawarin?"

Na ce, "Manya ne, Inna, da bakinsu. Har da dukan tebur."

Ta ce, "To ci abincinka, ɗana. A aikin nan za ka yi ritaya."