Ranar da Na Cika wa Shugaban Ƙasa Finjali

Ko da zan tsufa har haƙorana su zube, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kori shugaban ƙasa guda daga Jidda. Da hannuna na kore shi, a gaban manyan gari, ina murmushi, ina kuma ji a raina cewa na yi abin da za a yaba mini.

Kafin in zo Saudiyya mai shayi ne ni a bakin tasha a Katsina, kuma ba yabon kai ba, ina da hannu. Idan na ɗaga buta sama na saki shayi yana sauka cikin kofi, har fasinjoji kan tsaya kallo. A wurinmu mutuncin mai shayi yana bakin kofinsa. Ka miƙa wa direba kofin da bai cika ba, zai ɗaga shi ya leƙa ciki, sannan ya tambaye ka ko ruwa ne ya yi tsada ko kai ne ka lalace. Da wannan tarbiyyar na sauka Jidda.

Kafilina, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take hannunsa, sunansa Abu Hani, yana da kamfanin shirya taruka da bukukuwa. Ya ajiye ni a sitonsa da ke Khumra, can kudancin gari, ina loda kujeru a mota, ina naɗe darduma, ina wanke tulin finjalai idan an dawo daga biki. Wanda bai taɓa ɗaukar kujerun ƙarfe a ranar Khumra ba bai san zafi ba, labari kawai yake ji. Burina ɗaya ne a duniya a lokacin: in bar siton nan in shiga cikin masu zuba gahawa. Su ne 'yan gatan kamfani. Farar jallabiya suke sawa, a ɗakunan sanyi suke wuni, su dawo suna ƙamshin turare, mu kuwa muna ƙamshin abin da ba sai na faɗa ba.

Shugabansu wani dattijo ne da muke kira Ammi Usman. Haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba. Yana jin Hausa sarai, amma idan ya buɗe baki rabin maganar Larabci ce. Allah Ya haɗa jininmu, yakan ce ina tuna masa da yadda kakansa ke magana.

Akwai abu ɗaya da na daɗe ina lura da shi duk lokacin da na kai kaya wurin taro na leƙa ciki. Masu gahawar nan ɗan kaɗan suke ɗiga wa baƙo a gindin finjali, abin da bai fi kurɓa biyu ba. Finjalin ma ɗan mitsitsi ne, babu ko mariƙi. Ni dai tun ganin farko na yanke hukunci: rowa ce. Na ce Abu Hani ne ya ba su umarni don gahawarsa ta yi auki. (Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya, ni da na san komai a kan ruwan zafi?)

Ana haka sai aka ce shugaban wata ƙasa ta Afirka zai kawo ziyarar aiki masarautar. Ba zan faɗi ƙasar ba, bawan Allah ya sha wahalata isasshiya. Aka rataye tutoci a manyan tituna, aka riƙa rufe hanyoyi, motarmu ta kujeru ta sha zagaye. Tarbar fada ba tamu ba ce, can suna da mutanensu. Amma washegari manyan 'yan kasuwar gari za su karɓe shi a wani babban zaure, kuma Abu Hani ne ya samu aikin. Hannu ya yi kaɗan, sai Ammi Usman ya je ya roƙa mini. Abu Hani ya ce a gwada ni, idan na yi abin kai na bar Khumra ke nan.

Ana gobe taro Ammi Usman ya zaunar da ni zai koya mini. Ya nuna mini dalla, butar gahawa mai dogon baki, ya ce hannun hagu ke riƙe ta, finjali a dama. Ya ce a tsaye ake zubawa, kuma ba a barin gaban baƙo sai ya girgiza finjalinsa, alamar ya ƙoshi. Duk na gyaɗa kai. Da ya zo kan yadda ake zubawar kanta, sai na tari numfashinsa.

“Haba Ammi, zuba abu mai zafi a kofi za a koya mini? Ai da shi na yi aure, da shi na hau jirgi na zo nan.”

Ya dube ni, ya ce, “Tayyib,” wato to shi ke nan, ya miƙe ya tafi. Ni kuwa na ɗauka na burge shi.

Ranar taro na sa farar jallabiya na tsaya gaban madubin banɗaki har wani ya ƙwanƙwasa ƙofa. Aka ba ni can ƙarshen zaure kusa da ƙofa, inda aka zaunar da 'yan ƙasar shugaban mazauna Jidda. Wurin ƙananan baƙi ke nan, inda ko sabon hannu ya yi kuskure ba wanda zai gani. Na riƙa ɗiga musu kaɗan-kaɗan yadda na ga sauran suna yi, saboda idon Ammi yana kaina, amma wallahi duk finjalin da na miƙa sai na ji kunya ta kama ni.

Aka yi jawabai aka tafa. Maimakon shugaban ya bi ta ƙofar manya ya fita, sai ya ce zai gaisa da mutanensa. Ya taho har ƙarshen zaure, mai masaukinsa na gefensa, wani tsohon attajiri cikin baƙar alkyabba, ga tafinta, ga masu tsaro, ga masu hoto. Ya gaisa da mutane, sannan ya samu kujera ya zauna, attajirin ya zauna kusa da shi. A ƙa'ida babban baƙo ba ya zama a bar hannunsa haka, kuma a duk masu dalla ni ne mafi kusa. Na hango Ammi Usman can nesa, mutane sun tare masa hanya. Ya yi mini alama da kai cewa in je.

Ina tafiya ina magana da zuciyata. Na ce ga mutum ɗan'uwanmu baƙar fata, ya tsallako teku, shugaban ƙasa sukutum, sannan a ɗiga masa gahawa kamar maganin ciwon ido? Ya koma gida ya ce mutanen Jidda marowata ne, kuma ɗan Afirka ne ya miƙa masa? Ba dai a hannuna ba. Idan Abu Hani zai yi faɗa a kan gahawarsa, ya yi.

Na tsaya a gabansa, na ɗaga dalla sama yadda nake yi a tasha, na saki gahawa. Na cika finjalin nan taf, har tana rawa a baki. Na rusuna na miƙa da hannun dama, bakina har kunne.

Shugaban ya karɓa, don shi ma bai san komai ba. Nan take zafi ya kama masa yatsu. Ya mayar da finjalin hannun hagu, ya dawo da shi dama, yana ta ƙoƙarin riƙe murmushinsa saboda masu hoto. Larabawan da ke kusa suka yi tsit. Na ga fuskar attajirin ta sauya, idonsa a kan finjalin. To, ni a tasha idan mutane suka yi shiru suna kallona, gwaninta suke kallo. Sai kaina ya ƙara kumbura, na ɗauko wani finjalin na cika shi taf, na miƙa wa attajirin shi ma.

Bai karɓa ba. Ya sa hannu ya amshi na shugaban ya ajiye a kan tebur, ya dafa ƙirjinsa yana ta ba da haƙuri da sauri-sauri, tafinta na fassarawa. A daidai nan na ji an zare dalla daga hannuna ta baya. Ammi Usman ne, yana haki. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

“Ya waladi, ka san me ka faɗa wa rais? A nan idan ka cika wa baƙo finjali, ka ce masa sha ka tafi ke nan. Halas, ka kore shi. Kuma ka haɗa da mai gidan.”

Ga finjali na biyu har yanzu a hannuna yana ƙona ni, na rasa inda zan ajiye shi. Na so ƙasa ta tsage in shige da jallabiyata.

Shi kuwa shugaban, da tafinta ya gama yi masa bayani, sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya dube ni ya faɗi wata magana. Tafinta ya juya ta zuwa Larabci, kuma don rashin sa'a Larabcin mai sauƙi ne, har ni na gane.

“Ya ce ka yi masa haƙuri, jirginsa sai gobe zai tashi.”

Zauren ya ɗauki dariya, har masu tsaro da fuskarsu ba ta motsi. Attajirin ma ya yi dariyar, amma irin wadda ba ta kai ido ba. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ɗakin wanke-wanke ba.

Can Ammi Usman ya same ni bayan an watse. Bai ɗaga murya ba. Ya bayyana mini cewa ɗan kaɗan ɗin nan shi ne girmamawar: ma'anarsa ina nan tsaye a kanka, zan ƙara maka, in sake ƙara maka, ba na gajiya da zamanka. Kuma finjalin da ba shi da mariƙi, idan ya cika, ina baƙo zai kama? Na ce me ya sa bai faɗa mini ba tun jiya. Ya ce ya fara faɗa, sai na sanar da shi cewa da wannan aikin na yi aure. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin in fice daga zauren, na hango dattijon nan, wanda ya sa bakinsa a kaina, yana zuwa wurin attajirin yana ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

Da safe Abu Hani ya aiko in same shi a ofis. Na shiga na shirya wa zagi, har na tanadi kalmomin ban haƙuri na Larabci. Sai na tarar da shi cikin fara'a. Ya ce in zauna, ya tambayi lafiyata, ya tambayi mutanen gida. Har na fara sa rai, na ce ƙila dariyar shugaban ta cece ni. Ya jawo dalla da kansa, ya ɗauki finjali, yana kallona yana zubawa, bai tsaya ba sai da ya cika taf. Ya miƙo mini da hannun dama.

Na karɓa, na shanye, ta ƙona mini harshe, na yi godiya, na fita na nemi motar Khumra. Ba a taɓa yi mini bayani da Larabci na fahimta sarai irin na ranar ba.

Tun daga lokacin, idan na ga mutanen wani gari suna yin abin da ya yi mini kama da wauta ko rowa, nakan kama bakina in tambaya tukuna, don wata rana ba su ne ke buƙatar gyara ba. Kuma idan dattijo ya ce zai koya mini abu, ko shan ruwa ne, zama nake yi in naɗe ƙafa har ya kai ƙarshe.