Ranar da Haladu Na-Sama Ya Goge Faifan Tauraro

"Ni fa yanzu da taurari nake hulɗa. Ko ƙusa ɗaya ba ta shiga harkar sararin samaniya a ƙasar nan sai na duba ta!"

Haladu ke nan a teburin mai shayi na bakin tashar Kazaure, shekarar 1977, lokacin da kuɗin man fetur ya sa ake sayen duk abin da aka gani a hoto. Kada ka ɗauka wani babba ne, ɗan'uwa. Ɗalibi ne daga kwalejin fasaha, an turo shi koyon aiki na wata uku a sashen sayen kaya na wani kamfani da ke kafa tashar kama saƙon tauraron ɗan Adam a kan wani dutse ta hanyar Roni. Abin da yake nema ɗaya ne tak: sa hannun Injiniya Muhammadu Lawal a littafinsa na koyon aiki. In babu shi, sai maimaita aji. Amma ga biro uku a aljihu, ga gashi ya tara kamar kwando, har gari ya raɗa masa Haladu Na-Sama, gogan naka kuma yana amsawa.

Da aka gama ɗora ƙaton faifan kama saƙon a kan gindinsa, Injiniya ya ce zai je Kano kwana uku.

"Ka duba kayan nan da takardarsu, ka ga ko sun cika. Dubawa na ce, Haladu."

"An gama, ranka ya daɗe!"

Mota na ɓacewa Haladu ya zagaya faifan yana taɓe baki. Fari ne fat, amma dishi-dishi, babu ko ɗigon ƙyalli.

"Baba Lauwali," ya ce da tsohon mai waldar kamfanin, "a kasuwar Kazaure na girma. Duk kwanon da ka ga an shafe da fenti, aibi ake ɓoyewa."

Ya sa makulli ya kankare gefe. Sai ga ƙarfe yana walƙiya.

"Ka gani? Kaya mai kyau suka lalata da farar ƙasa! Ta yaya tauraro zai hango abin da ba ya sheƙi?"

"Ɗan nan, waɗanda suka ƙera shi ba su san sheƙi ba ne?"

"Baba, kai ƙarfe ka sani. Ni kimiyya na karanta."

Nan da nan gogan naka, babban jami'in sayen kaya, ya yi sayayyarsa ta farko: toka buhu huɗu, yashi, soso da lemun tsami. Ya ɗauko gwaggonsa Shatu da mata ashirin, gwanayen da ke mayar da tukunyar biki sabuwa. Aka kwantar da faifan, suka hau shi da guɗa. Kwana biyu suna dirza. Kafin su sauka, makiyaya daga Gwiwa na kare ido suna tambayar ko rana ce ta haihu.

Rana ta uku da azahar Haladu ya tara jama'a, dagaci har da tabarmarsa. Yana hango ƙurar motar Injiniya ya daka tsawa:

"A juya shi ya kalli rana, ya gaisa da 'yan'uwansa!"

Aka juya. Can sai wani ya ce, "Wa ke ƙona taya?"

Na'urar kama saƙo ce, wadda ke tsaye a tsakiyar faifan, take tafasa tana ɗiga. Hasken ranar Kazaure kakaf ya taru a kanta.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa, gwaji ne!" in ji Haladu.

Ya haye tsani a guje. Yana cusa kai, gashinsa ya fara ƙauri. Ya zaro littafin koyon aikin daga hammata don ya yi wa na'urar inuwa. Fuu! Littafi ya kama. Ya diro yana tsalle yana buga shi a cinya, wando ma ya karɓi rabonsa. Baba Lauwali ya sheƙa masa ruwan tokar da ya rage a bokiti.

Injiniya ya fito daga mota, ya dubi faifan, ya dubi Haladu.

"Haladu, fentin nan da ka goge, an yi shi ne don ya watsa zafin rana. Wata takwas muka jira na'urar nan daga jirgin ruwa."

Ka san gwanin naka ba ya rasa ta cewa. Ya miƙa ƙonannen littafin da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ai kuskure ma ilimi ne. Sa hannun fa?"

"Zan sa. Nuna mini wurin."

Haladu ya buɗe littafin, iska ta kwashe shi ta watsa wa dagaci a rawani.

Sai Gwaggo Shatu ta matso, ta durƙusa, ita da gaske ceto ta zo yi.

"Injiniya, don Allah ka yi masa afuwa, ci gaba ne ya samu. Ni na raine shi. Tun yana yaro ba a taɓa sa shi hura wuta ta kama ba, sai yau."