Dokin Mazarƙwaila

Shekarar da aka yaye ajinmu na yaƙi da jahilci, ni aka zaɓa in karanta jawabin godiya a Sabon Gari. Na ga bai dace mai wannan matsayi ya sauko daga napep ba. Sai na je aron doki wajen Baba Ishaya, maƙwabcina a Samaru.

Ya ce, "Wannan ko bindiga aka harba ba ya firgita. Amma ka taɓa hawa?"

Na ce, "Haba Baba, wanda ya iya haɗa baƙi, linzami ne zai gagare shi?"

Na san dokin ya tsufa yana zagaya injin matse rake na masu mazarƙwaila, ban dai kawo komai a raina ba.

Muka taho cikin natsuwa, ina ɗaga wa mutane hannu. Da muka iso shataletale, doki ya ga da'ira, ya tuna aikinsa. Ya kama zagayawa. Na ja linzami, na roƙe shi, har na karanta masa farkon jawabina. Motoci na ta oda, ko kunnensa bai kaɗa ba.

Wani ɗan acaɓa ya ce mini, "Baba, in mazarƙwailar ta dahu a sam mana!"

Sai la'asar Baba Ishaya ya zo ya janye mu, an riga an tashi taro.

Na rasa jawabi, hula da takalmi ɗaya. Har yau in na yi sallama, matata kan ce, "Maigida, ka iso ne, ko da sauran zagaye?"