Ranar da Na Shiga Filin Kokawa da Ludayi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Dogon Dutsi ba za su bar ni ba, da yammacin da na zubar da kunyar shekara da shekaru a tsakiyar filin kokawa, gaban maza da mata. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, tamu ko koɗewa ba ta fara yi ba a ƙofar kwamanda.

Ni 'yar ruga ce daga wajen Dumega, aure ya kawo ni cikin gari, gidan wani tela. Abin da na zo da shi daga gidanmu, bayan ƙorai da karsana guda, shi ne kunya. Kun dai san al'ada: ɗan fari ba na uwa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana duniya. Nawa kuma abin biyu ne ya haɗu, don sunan surukina aka sa masa, Salihu (yau da furfura ta rufe ni ina faɗa, wa zai tuhume ni?). Duk gidan Baba Ƙarami ake ce masa, ni ko wannan ban yarda ya fita bakina ba. "Kai" nake cewa, ko "yaron nan", ko in ce wa ƙanwarsa, "Je ki ce wa wancan tuwo na hucewa." Ana yaye shi uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ita ce uwa. Ni Adda yake ce mini, yadda ƙannena ke kirana.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma ni har tinƙaho nake yi. Akwai maƙwabciyarmu Hajo, wadda ke tsayawa bakin darni tana ƙwala wa ɗan farinta kira sai ka ce mai talla. Ba bakin rijiyar da ban yi da ita ba. "Zamani ya lalace," nakan ce ina taɓe baki, "mu inda munka hito, ko wuta ɗan hwari ya hwaɗa sai dai uwa ta kira kakatai." Mata su ce, "Ai ke kam sai dai a koya wurinki." In dawo gida kaina kamar ya fashe.

Shi kuwa yaron sai girma yake yi, ina kallonsa ta wutsiyar ido. Muryarsa ta fara fashewa, in ya yi sallama sai ka rasa zakara ne ko ɗan akuya. Wandon lakwal, wato na makaranta, ubansa ya gaji da saki, yau a ƙara tsawo, gobe ga idon sawu a waje. Wani ɗan gashi ya tsiro masa a leɓe, bai kai a kira shi gashin baki ba, amma yana wuni shafa shi a gaban madubin shagon ubansa. Duk ina gani, kuma wallahi daɗi kamar ya kashe ni. Sai dai in ya shigo in ɗaure fuska in ce, "Kai, kauce mini daga hanya."

Ranar da ya ci sartifika, malaminsu da kansa ya tako har gida, ya ce yaro ya samu shiga kwaleji a Yamai, ƙarshen kaka zai tafi. Inna ta rangaɗa guɗa, ubansa ya rasa inda zai sa kansa, maƙwabta suka cika gidan. Ni ina bakin turmi ina daka, ko ɗagowa ban yi ba. (Sai da na shiga ɗaki na tura ƙofa na cusa fuska cikin zane, na yi kukan murna har da majina. Amma wa ya gani?)

Bayan 'yan kwanaki ina tankaɗe a bayan ɗakin Inna, sai na ji muryarsa.

"Inna, wai da gaske Adda ta haihe ni?"

Inna ta yi dariya. "A'a, angona, kasuwa na sawo ka, da kai da ɗan jaki."

Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Uwar abokina har rawa ta yi da anka ce ya ci. Ita ko kallona ba ta yi ba. In na tahi Yamai ma ba za ta san na tahi ba."

Rariya ta kusa suɓuce mini. Tun daga ranar abu ya tsaya mini a ƙirji: yaron nan zai shiga mota ya yi nisa, yana ɗauke da cewa uwarsa ba ta son shi. Kullum in ce yau zan ce masa wani abu, ko da "sannu" ce mai laushi. Yana shigowa sai in ji bakina ya ce, "Kai, ba ka ga kaji na cin gero ba?"

Ana haka aka gama yankan gero, samari suka sa kokawa da baƙi daga ƙauyuka. Yaron nawa tun yana ƙarami ɗan kokawa ne, ga shi siriri kamar karan dawa amma akwai dabara. Ya ce sai ya yi ta bankwana kafin ya tafi. Da la'asar gida ya watse. Surukina, tsoho mai nauyin kunne, aka shimfiɗa masa tabarma a gaba cikin dattawa. Inna ta ɗauki kujerarta ta bi mata. Ni kuma na dama fura na ɗora ƙwarya a ka, na ce talla za ni. (Ni da ban taɓa kai fura filin kokawa ba. Ko mutum ɗaya ban sayar wa ba, wani ma da ya miƙo hannu harararsa na yi don ya tare mini gani.)

Na samu wuri a bayan mata, na sauke ƙwarya, na yi kamar kallon makaɗa nake yi. Aka yi kaye biyu uku, sai ga shi an fito da shi. Abokin karawarsa wani yaro ne daga wajen Sukukutane, gajere, kakkaura, ka rantse turmi aka yi wa ƙafafu. Makaɗa suka ɗauka, suna yi wa nawa kirari da ɗan tela, jikan tsoho. Suka sunkuya, suka riƙe juna, wannan ya ja, wancan ya tura. Ludayi na hannuna, na damƙe shi har yatsuna suka yi zafi. Can sai na ga nawa ya saƙala ƙafa ya murɗa, su biyun suka tafi ƙasa tim! Fili ya ɗauki ihu.

Ni ban san wa ya fara taɓa ƙasa ba, ban ma san ana duba wannan ba. Abin da na gani kawai, ɗana ya taso a kan gwiwa yana riƙe da hannunsa na hagu, tsintsiyar hannun ta lanƙwashe ta inda Allah bai yi gaɓa ba.

Jama'a, daga nan ban san lokacin da na tsallake ƙwaryar fura ba. An ce na ture wata tsohuwa, an ce na taka ƙafar wani ɗan sanda, ni dai na ji iska a kaina, ashe kallabi ya tafi. Sai ji na yi wata murya, wadda tawa ce, tana tsaga fili:

"Salihu! Wayyo Salihu ɗana! Sun kashe mini Salihu!"

Ganguna suka yi tsit. Cikin wannan shirun, surukina, wanda sai an yi masa magana sau uku yake ji, ya ɗago kai daga tabarma ya ce da ƙarfi, "Na'am? Wa ka kira na?"

Ko wannan bai dawo da ni hankalina ba. Na yi kan yaron Sukukutane, yana kwance rairan yana haki, na shiga ƙwala masa ludayi a ka. Mugu, azzalumi, ɗan wa ka samu? Sai da ludayin ya rabe biyu. Bawan Allah ya kare kansa da hannu yana cewa, "Iya, ki yi haƙuri! Ni anka kada hwa! Shi ya yi kaye!"

Wayyo ni. Kun san dariyar da ke farawa daga gefe guda ta zagaye fili? Har makaɗa sun ajiye gula suna riƙe ciki. Na duba, ga ni tsaye a tsakiyar maza, kai ba kallabi, kitso a tsefe rabi, guntun ludayi a hannu. Na kira sunan ɗan fari, na kira sunan suruki, na doki ɗan mutane wanda aka riga aka kayar. Da ƙasa ta tsage da na gode mata. Na juyo wajen ɗan nawa, gumi na zuba daga goshinsa, ya cije leɓe don azaba, amma idonsa na kaina, kuma wallahi murmushi yake yi.

Hajo ce ta kawo mini kallabina. Ta kakkaɓe shi a hankali, ta miƙo da hannu biyu. "Ungo, malama. Ashe mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi."

Ban san ta inda na bi na iso gida ba. Maza suka wuce da shi wajen maɗori, ni na shige ɗaki na ja ƙofa, rabin zuciyata kunya, rabi tana can wajen hannun. Da maigidan ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "An ɗora, karaya guda ce. Mutum biyu sunka riƙe shi, maɗori ya ja ƙashi ya zauna, ko uffan yaron ga bai ce ba. Maɗori ya ce ya daɗe bai ga namiji irinai ba." Sai na ji yana danne dariya. "Ko da yake kukan gidan ga duka ke kin riga kin yi muna shi."

Washegari mata suka cika tsakar gida, wai sun zo duba mai jiki. Ni na san abin da suka zo dubawa. Yaron na kwance a tabarma bakin ɗakin Inna, hannu a ɗaure da kara. Ni ina gefe, na ja mayafi har hanci. Inna, Allah ya ji ƙanta, tsohuwa ce mai son rufin asirin gida. Ta gyara murya ta ce, "Ku bar ganin abin jiya. Iska ce ta buge ta. Kun san hanyar hilin ga akwai tsamiya. Yarinyar da ko inuwar yaron ga ba ta takawa, da hankalinta za ta yi haka? Ba ita ba ce."

A Arewa wa zai yi gardamar iska? Mata suka shiga gyaɗa kai. "Ashsha, Allah sarki." Wata ta ce doguwa ce, ta gani a idona. Wata ta ce a nemo turare. Har Hajo ta yi laushi. Na ji wani sanyi ya sauko mini, ga mutuncina ana dawo mini da shi a faifai, abin da ya rage kawai in yi shiru.

Sai na saci kallon tabarma. Yaron ya ji duk abin da aka ce. Murmushin nan da ya kwana da shi ya ɓace, ya juya fuska wajen bango a hankali, yana lallaɓa hannun.

Na sauke mayafi. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ba iska ko ɗaya. Ni ce, da hankalina. Ɗana na gani hannu a karye."

Inna ta dube ni ta daɗe, ta ce, "To! Mun lulluɓe ki kin yaye. Allah shi shirya." Hajo ta fashe da dariya har da buga cinya, sauran suka bi. Na sha kunya ta biyu, ta ma fi ta jiya, don wannan karon ba ni da abin fakewa. Amma yaron ya juyo daga bango.

Na biya kuɗin bakina, ba ƙarya. 'Yan mata suka sa ni a waƙar dandali. Na aika wa yaron Sukukutane ƙwaryar fura da ban haƙuri, aka ce ya tambaya ko da ludayi aka haɗo. Surukina kuwa na yi wata ina zagaye masa, shi kuma duk ya hango ni sai ya kafa hannu a kunne ya ce, "Kira na anka yi?"

Ranar tafiya Yamai, hannu na rataye a wuya, ga akwatin ƙarfe an ɗaure, ya zo ya durƙusa a bakin madafa inda nake. Ya fi ni tsawo, sai ranar na yarda na dube shi sosai.

"Adda, zan tahi."

"Allah shi kiyaye hanya. Ka kula da hannun."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. "In sai na karye ake kirana, akwai gudan hannun hwa."

"Tashi ka ba ni wuri, marar kunya," na ce, ina dariya, hawaye na zuba, hayaƙin murhu kuma ko kusa da ni bai zo ba. Ya tashi yana dariya shi ma, ya fita da tafiyar nan ta wanda ya yi kaye.

Har gobe ina cewa kunya ado ce, ban canja ba. Amma na koyi abu guda, kuma ina faɗa wa duk yarinyar da na ga tana ɗaure wa ɗanta fuska: yaro ba ya ganin abin da ke cikin ciki. In kin ƙi faɗa masa a hankali a tsakar gida, Allah zai sa ki faɗa da ihu a gaban gari.